Ƙirjin da Shugaban Ƙasa Ya Yaba

A garinmu Vesterby, in ka ga mutane suna fitowa daga shagon kofi na bakin titi alhali kofunansu ko rabi ba su kai ba, ba gobara ba ce. Orval Skogstad ne ya shigo, kuma ya fara gyaran murya.

Labarinsa ɗaya ne tak. Lokacin yana saurayi yana aiki a gonar talotalo ta tsoho Lindqvist, aka zaɓi gonar ta kai tsuntsun afuwa fadar Shugaban Ƙasa. Al'adar dai sananniya ce: gab da Bikin Godiya, sa'ad da kowane gida ke wasa wuƙa saboda talotalo, sai a kai wa Shugaba guda ɗaya ya yafe masa a gaban 'yan jarida, ya tsira daga tanderu. Tsoho Lindqvist ya tafi da Orval. Ranar da aka nuna abin a talabijin, dusar ƙanƙara ta kayar da turakun lantarkin garinmu, ba wanda ya gani. Shi kuma tsohon, in ya ce maka "to" da safe, ya gama maganar ranar ke nan. Har ya rasu bai ƙara komai a kan "an je, an dawo" ba. Sai fili ya zama na Orval shi kaɗai.

"Da bakinsa fa!" in ji Orval, yana bugun gaban riga. "Ya ce, 'Orval, tunda nake ban taɓa ganin ƙirji irin naka ba.' Ya ce, 'Orval, kai ne abin alfaharin jiharku.' Ya ce, 'Daga yau ba wanda ya isa ya taɓa ka.' A gaban duniya! In ƙarya nake kada in ga gobe."

Kullum kuwa yana ganin goben. Ni kaina zan yi masa wannan shaida: Orval ba ya ƙarya. Duk kalmar da ya ce an faɗa, an faɗe ta.

Mutum ɗaya ne ba ya gudu in an fara labarin, wato Merle Tollefson mai sayar da kayan tarakta, wanda suka yi firamare tare kuma tun lokacin ba su shirya ba. Shi zama yake yi, ya miƙe ƙafa.

"Shi talotalon fa, me sunansa? Na ji ana raɗa musu suna."

"Kai wa ka taɓa gani ya raɗa wa abincin rana suna?" in ji Orval, ya ci gaba da zancen ƙirji.

Abin da Orval ke so a duniya bai wuce guda ba: motar gaba a jerin gwanon Ranar Talotalo. Duk shekara kwamiti na zaɓar mutum ɗaya ya hau bayan buɗaɗɗiyar mota yana ɗaga hannu, gari kaf na kiran sunansa. An ɗora likita. An ɗora malamar makaranta. An ɗora wani da ya ciro kare daga tafki, daga baya ma aka gane karensa ne. Orval kuwa shekara da shekaru yana kai kwat ɗinsa guga, yana mayar da ita cikin leda. Abin yana ci masa rai ƙwarai, ko barci ba ya yi sosai in kaka ta gabato. Bana kwamiti ya tace sunaye, saura biyu: shi da Merle.

Ana cikin haka Lavonne Haugen, shugabar kwamitin, wadda kuma ita ke shirya wa tsofaffin coci tafiye-tafiye, ta sanar cewa an buɗe ɗakin karatu na marigayi Shugaban a jihar maƙwabta, za a ɗauki bas a je a gani. Orval ya dawo gida da sauri har ya manta hularsa a benci.

"Ardis, rana ta zo," ya ce wa matarsa. "Zan tafi da Janar. Jikan tsuntsun afuwa ne, jininsa ne. Zan miƙa shi kyauta ga ɗakin karatun a gaban Lavonne, mai hoton jaridar gari ya ɗauka. Merle me zai kai? Ƙusar tarakta?"

Janar wani farin talotalo ne da ke bayan gidansu, ƙato, mai fushi, wanda ya taɓa korar ma'aikacin gidan waya har bakin titi.

Ardis ba ta ɗago daga dankalin da take ferewa ba. "Ba ka tsoron abin da za a gani a can?"

"Me za a gani?"

"Ni na sani? Ni dai tun aurenmu nake wanke maka riguna. Na san faɗin ƙirjin."

"Ke, ɗakin karatu ne fa! Littattafai ne jere. Mutanen garin nan wa kika taɓa gani ya buɗe littafi in ba na waƙoƙin coci ba? Merle ko takardar magani sai an karanta masa. Za su shiga, su ga bango cike da littafi, barci ya kama su, ni in yi jawabi."

"To," in ji Ardis. Ta yi aiki a gidan Lindqvist tana budurwa, a nan ta koyi wannan amsa.

Ranar tafiya Orval ya zo tasha da kwat, da bel mai ƙaton kan ƙarfe, yana tura keken jarirai na jikarsu, an lulluɓe shi da bargo mai furanni, matarsa Ardis na biye da kwanon abinci. A bas ya ƙwace wa direba abin magana, ya ba da labarin ƙirji daga farko. Da aka wuce gonakin masara ya sake shi. Tsohuwar da ke buga molon coci ta cire na'urar jinta ta sa a jaka. Merle kuwa ya gano cewa in ya yi fito, abin da ke cikin keken yakan amsa, don haka ya yi ta fito har aka isa.

A ƙofar ginin akwai mai gadi da ƙofar nan mai ƙara in ta ji ƙarfe. Gefe an rubuta cewa ba a shiga da dabba sai karen makafi. Orval ya karanta, ya gyara bargo.

"Jariri ne?" in ji mai gadi.

"Jika ne," in ji Orval.

"Allah ya raya. Kamar yana da nauyi."

"Gado ya yi."

Mai gadi ya zagaya da keken ta gefe, ya ce Orval ya wuce ta ƙofa. Ƙofa ta yi ƙara. Daga ƙarƙashin bargo aka amsa: gululu-gululu!

Mai gadi ya tsaya. "Mene ne wannan?"

"Haka muryarsa take tun haihuwa," in ji Orval.

"Kakansa ma haka yake," in ji Merle daga baya.

Mai gadi ya dubi keken da tausayi, bai ƙara tambaya ba. Amma bel ɗin ya ce sai an cire, don akwai 'yar wuƙa maƙale a jikinsa, in an fito a karɓa. Orval ya ce shi Shugaban Ƙasa ya ce ba wanda ya isa ya taɓa shi. Mai gadi ya ce shi ma ba zai taɓa shi ba, bel ɗin kawai yake so. Haka Orval ya shiga, hannun dama na tura keke, na hagu na riƙe da ƙugun wando.

Wata budurwa mai jan baƙi ta tarbe su da fara'a. Orval ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya ga doguwar baƙar mota. Ya ga rigunan uwargidan Shugaba cikin gilashi. Ya ga takubba da darduma da kwanukan da sarakunan duniya suka aiko. Ya ga allunan majigi ko'ina, kowanne na magana. Littafi ko ɗaya bai gani ba.

"'Yata, ina littattafan?"

"Takardun suna ɗaya ginin, yallaɓai, na masu bincike ne. Nan abin kallo ne. Duk abin da Shugaba ya yi a gaban kyamara muna da shi."

"Duk?"

"Duk. Ko atishawa ya yi."

Orval ya laluba aljihu da gwiwar hannu, ya zaro katinsa na aron littafi na ɗakin karatun garinmu, ya ɗaga sama. "Jama'a, an cuce mu. An ce mana ɗakin karatu. Ni karatu na zo yi. Mu koma bas."

"Yaushe ka fara karatu?" in ji Lavonne. "Wuce mu je, kai ne jagora."

Ya ja su nesa da allunan, ya kai su wani ɗaki mai siffar ƙwai, da babban tebur da tutoci, an tare ƙofarsa da jar igiya. Nan ransa ya ɗan dawo.

"Kun ga ofishin nan? Da manyan motoci aka ɗauko shi daga fada, bulo bayan bulo. Har ƙanshinsa na gane."

"A nan aka gina shi bara, yallaɓai," in ji mai jan baƙi. "Kwaikwayo ne. Fentin ne ke ƙanshi."

"To sun iya kwaikwayo," in ji Orval. "Har ni sun ruɗa, ni da na san wurin."

Don ya nuna sanin, ya ɗaga ƙafa zai tsallake igiya. Mutumin da ke riƙe da wando ba ya tsallake igiya. Ƙafa ta sarƙe, sandunan igiya suka zube, ƙararrawa ta ɗauka, jikan da ke cikin keke ya amsa mata da dukkan ƙarfinsa. Wasu baƙi suka matso. Wata mata ta ce a kai yaron nan asibiti. Ardis ta koma gefe tana duban wata darduma kamar ba ta taɓa ganin mutumin ba.

Ƙarar ta fito da shugaban gidan, wani siriri mai tabarau. Orval ya ga dama ta samu. Ya yafito mai hoton jarida, ya gyara tsayuwa, ya soma jawabi cewa a madadin al'ummar Vesterby, shi da marigayi Shugaba ya sani ido da ido, ya kawo kyautar da ba a taɓa kawo irinta ba.

"Muna godiya," in ji shugaban gidan. "Kyauta sai kwamiti ya zauna a kanta. Tana cikin keken?"

"Tana ciki."

"Motsi take yi."

"Lafiyayya ce."

"Ba ma karɓar abin da ke numfashi, yallaɓai. In jariri ne ma, ina roƙonka ka koma da shi gida."

Orval bai kai ga amsa ba sai ya ji muryar Lavonne daga lungu. "Kai, ku zo ku gani! Ga shi nan an rubuta: Afuwar Talotalo!"

Wani allo ne babba, da benci a gabansa, da maɓallai jere, kowanne da shekararsa. Tsofaffin coci suka ɗunguma can. Har mai molo ta mayar da na'urar jinta.

"Lokacin abinci ya yi!" in ji Orval. "Ardis ta kawo taliya da nama, za ta huce!"

"Da sanyinta ake ci," in ji Ardis.

Ya saki keke, ya ruga ya tsaya a gaban allon, ya baje kafaɗu. Sai dai ƙirjin da ake magana ko kwatan allon bai rufe ba. Ya hango wata waya a bango, ya sa ƙafa ya fizge ta. Fitilun da ke haska baƙar motar suka mutu. Allon yana nan garau.

"Wace shekara ce ma, abokina?" in ji Merle, yatsansa na yawo a kan maɓallai. "Bari, na tuna. Ai ka faɗa mana."

Ya danna.

Ga lambun fada. Ga marigayi Shugaba yana murmushi. Ga tsoho Lindqvist cikin kwat ɗin aro, fuska kamar an aiko masa da sammaci. Ga tebur, a kansa wani farin talotalo ya kumbura, ya baje wutsiya.

"Mista Lindqvist," in ji Shugaba a allon, "me sunan baƙon namu?"

"Orval," in ji tsohon.

"Orval? Ina ka samo wannan suna?"

Tsoho Lindqvist ya yi jimla mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa. "Akwai wani yaro a gonata. Tafiyarsu ɗaya, surutunsu ɗaya."

'Yan jaridar cikin allon suka kwashe da dariya. Na kan benci ba wanda ya yi tari. Shugaba ya sunkuya, ya shafa gaban tsuntsun.

"Orval, tunda nake ban taɓa ganin ƙirji irin naka ba."

Leɓunan tsofaffin Vesterby suka motsa tare da shi, don sun haddace.

"Orval, kai ne abin alfaharin jiharku. Matata ta leƙo ta taga ta ce ba ta da tanderun da zai ɗauke ka. Saboda haka na yafe maka. Daga yau ba wanda ya isa ya taɓa ka."

"Wannan ta tanderun ba ka taɓa gaya mana ita ba," in ji Lavonne.

"To shi ina yake?" in ji mai molo. "Ban gan shi ba."

"Ga shi can," in ji Ardis. Ta nuna ƙasan allon. Daga ƙarƙashin mayafin teburin wani hannu ya fito, ya riƙe ƙafafun tsuntsun gam don kada ya tashi. "Hannunsa ne. Na gane agogon, ni na saya masa."

Merle ya buɗe baki zai yi magana, dariya ta hana shi, sai ya zauna a ƙasa. Orval kuwa yana tsaye, kunya ta rufe shi har kunnuwansa sun yi ja, amma murya ba ta mutu ba.

"Wace kalma ce na ƙara? Ku faɗa min! Ya ce Orval ko bai ce ba?"

A daidai nan talotalon cikin allon ya miƙa wuya ya yi kuka. Janar ya ji muryar wani namiji a kusa, kuma shi ba ya barin irin wannan ta wuce. Bargo ya tashi sama. Matar da ta ce a kai yaro asibiti ta ƙwalla ƙara. Janar ya dira, ya kai wa allon sara, ya juya ya bi shugaban gidan, ya bar shi ya bi mai gadi, sannan ya ratsa ta kan jar igiyar da ke ƙasa ya shige ofis.

"Ku tsaya, ni kaɗai yake jin maganata!" in ji Orval. Ya bi shi da gudu, ya miƙa hannu biyu zai cafke. Hannu biyu, na ce. Wando ya sauka har idon sawu, mai shi ya bi shi ƙasa, ya shige ƙarƙashin teburin Shugaba da ciki. Janar ya yi tsalle ya hau kan teburin, ya tsaya tsakanin tutoci, ya kumbura ƙirji, ya baje wutsiya. Daga ƙasa hannu ɗaya ya lallaɓo ya riƙe masa ƙafa.

Mai hoto ya ɗauka. Da ma don hoto aka zo da shi.

"Fito, yallaɓai," in ji mai gadi. "Kai da jikan naka."

A hanyar dawowa ba wanda ya taɓa abin maganar direba. An ci taliyar Ardis da sanyinta, an yaba. Orval na kujerar baya da bel a cinya, yana kallon masara. Can wajen rabin hanya Lavonne ta tara 'yan kwamiti a kujerun gaba, suka yi ƙus-ƙus, sannan ta miƙe ta riƙe ƙarfen bas.

"Kwamiti ya yanke shawara. Shekara da shekaru muna jin cewa akwai ɗan garin nan da Shugaban Ƙasa ya yaba da bakinsa, ba mu yarda ba. Yau mun gani da idonmu. Ya kamata a girmama shi."

Orval ya ɗago kai.

"Tunda ya riga mu gidan gaskiya, jikansa zai wakilce shi a motar gaba."

"Ni fa?" in ji Merle.

"Kai wa ya taɓa yaba maka ƙirji? Zauna." Ta juya baya. "Mista Skogstad, tsuntsun nan ba ya tsayuwa sai an riƙe shi, kuma mun ga kana da ƙwarewa."

Ranar Talotalo gari ya cika maƙil. Hoton ya riga ya fito a jarida, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara kiran tsuntsun Janar, sunan kakansa aka mayar masa. Buɗaɗɗiyar mota ta taho a hankali, 'yan badujala na biye. A kan kujerar baya farin talotalo ya tsaya ya kumbura, an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. A ƙasa, inda ake ajiye ƙafa, wani mutum cikin kwat mai sabuwar guga ya duƙunƙune, ba a ganin komai nasa sai hannu da agogo.

"Orval! Orval! Orval!" Tun daga gidan mai har ƙofar coci.

Washegari da safe ya shigo shagon kofi, wuyansa a sanƙare, da fararen gashin tsuntsu biyu a kafaɗa. Ya ja kujera kusa da Merle, ya yi gyaran murya.

"Jiya ina cikin motar gaba," ya ce, "gari kaf na kiran sunana."

Merle ya buɗe baki, ya yi tunani, ya rufe. Ya duba ta ko'ina, babu kalmar da zai cire.